Fim a Tafin Hannu: Tarihin Matse Silima a Yammacin Zamfara

A ranar 12 ga Disamba 2004 kamfanin Sony ya fito da wata 'yar na'urar wasa a ƙasar Japan mai suna PlayStation Portable, wadda aka fi sani da PSP. Fuskarta inci 4.3 ce kacal, amma kamfanin bai ƙera ta don wasa kaɗai ba. Burinsa shi ne ta zama silimar aljihu. Saboda haka ya yi mata ɗan faifai nata na musamman mai suna UMD, mai ɗaukar gigabayit 1.8, ya kuma shawo kan manyan kamfanonin fim na Amurka su riƙa buga fina-finansu a kai. Da na'urar ta isa Amurka a watan Maris 2005, waɗanda suka fara saye har an haɗa musu da fim ɗin Spider-Man 2.

Dabarar ba ta yi nisa ba. Mutumin da ya riga ya mallaki fim a faifan DVD bai ga dalilin sake sayensa a wani faifan da ba ya aiki a ko'ina sai cikin na'ura ɗaya ba. Tun a 2006 wasu kamfanonin suka fara rage buga UMD, manyan kantuna suka fara janye shi. Masu PSP kuwa suka nemo tasu hanyar: a sa DVD a kwamfuta, a tatso fim ɗin, a matse shi da manhaja irin HandBrake ko PSP Video 9, a zuba shi a katin ajiya. Sony bai sauƙaƙa musu ba. A farko sai an ba fim ɗin wani irin suna mai haruffa da lambobi, an ajiye shi a wata ma'ajiya takamaimiya, kafin na'urar ta yarda ta gan shi. Kuma sai a 2007 aka bar fim ɗin da mutum ya juya da kansa ya yi amfani da dukkan ƙarfin fuskar na'urar.

PSP ba ta taɓa zama kayan kowa da kowa a Anka ko Gummi ko Bukkuyum ba. Amma wannan aiki na juya fim daga babban faifai zuwa ɗan ƙaramin abin da zai shiga tafin hannu ya iso waɗannan garuruwa ta wata ƙofa, wato wayar salula, kuma a nan ne ya yi tasirin da bai yi a Amurka ba. A can abin sha'awa ne da saurayi ke yi a ɗakinsa. A nan ya zama sana'a mai teburi da benci da yaran shago, sana'ar da ta taimaka wajen durƙusar da kasuwar faifai ta Kano baki ɗaya.

Kafin waya

Don a gane dalilin haka, sai an duba yadda hoto mai motsi ke isowa wannan yanki tun farko. A zamanin Turawa ta majigi yake zuwa: mota mai ɗauke da injin wuta da farin kyalle, ta sauka a ƙofar fada, a nuna fim kan tsafta ko noman auduga, gari ya waye ta wuce. Gidan silima na dindindin kuwa abin birni ne. Kano ta sami Rex a 1937. A ƙasar da ta zama jihar Zamfara a 1996, Gusau ta sami silima, domin tana da jirgin ƙasa da 'yan kasuwa da baƙi. Anka tana da sarautar da ta gada daga tsohuwar daular Zamfara, amma sarauta ba ta jawo layin dogo. Mutumin Bukkuyum da ke son ganin fim ɗin Indiya sai ya yi tafiya.

Kaset ne ya fara karya wannan shinge, kuma na murya ne ya riga na hoto. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda aka haifa a Gummi, ya isa kunnen miliyoyin mutane ta Rediyon Kaduna da kuma kaset-kaset na tafsirinsa da ake kwafa daga hannu zuwa hannu. Haka waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Sani Sabulu na Kanoma. Mutanen yankin sun daɗe da sanin cewa abin da ake iya kwafa shi ne ke tafiya, wanda ba a iya kwafa yana nan inda aka yi shi. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, aka shiga zamanin fim ɗin Hausa na bidiyo. Zuwa ƙarshen shekarun 1990, lokacin da Sangaya ya fito ya cika gari da waƙa, kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar da ake buga kaset ana rarrabawa. Daga can kaya ke zuwa Gusau, daga Gusau su bi hanyar Mayanci zuwa Anka, su wuce Ɗaki Takwas zuwa Gummi, suna sauka a kasuwannin mako.

Kaset ɗin bidiyo yana da wata ɗabi'a: duk kwafin da aka yi daga kwafi, hoto sai ya ƙara dusashewa, launi ya zube, murya ta yi sanyi. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano ya wallafa littafinsa Signal and Noise a 2008, ya yi dogon bayani kan yadda wannan hazo ya zama wani ɓangare na kallon kansa. Wanda ke ƙarshen hanya shi ke samun kwafi mafi hazo. Mai kallo a ƙauyen Bukkuyum ya saba da fuska mai duhu-duhu tun kafin a ƙirƙiro wayar da ke nuna bidiyo, kuma wannan sabo zai yi amfani daga baya.

Sai kuma siyasa ta shigo. A ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a Janairu 2000. Cikin matakan da suka biyo baya har da rufe gidajen silima da takura wa gidajen kallo. Kallon taro a fili ya zama abin zargi. Sha'awar fim ba ta mutu ba, sai dai ta koma cikin gida, inda dama can matan aure ke yin nasu kallon. To amma kallon gida yana da tsada: talabijin, na'urar kaset ko ta faifan CD 'yar Caina, sannan uwa uba wuta. A garuruwan da wutar gwamnati ke yin kwanaki ba ta leƙo ba, da ƙauyukan da ko turke ba a kafa musu ba, kallon fim ɗaya na nufin janareta da litar fetur. An sami jama'a masu ƙishirwar kallo, an rufe musu dandali, gida kuma ba wuta.

Abin da ake zubarwa

Kamfanonin MTN da Econet sun fara aikin wayar salula a Nijeriya a watan Agusta 2001, Glo ya biyo baya a 2003, amma an ɗauki shekaru kafin turakunsu su kai yammacin Zamfara. Wayoyin farko kira da saƙo kawai suke yi. Canjin ya zo ne da wayoyin Nokia masu launi, sannan da ambaliyar wayoyin Caina a ƙarshen shekarun 2000: layi biyu, lasifika mai ƙara kamar ta mai tallan magani, batir mai jure kwanaki, da kuma ɗan rami a ƙarƙashin batir inda ake zura katin memori. Wannan ramin shi ne kan gaba. Katin microSD, wanda ya shiga kasuwa a 2005, bai kai farcen ɗan yatsa ba.

Matsalar ita ce fim ba ya shiga. Faifan VCD, wanda shi ne akasarin fina-finan Hausa ke fitowa a kai a wancan lokaci, yana cin kusan megabayit 10 a kowane minti. Fim mai minti 90 ya kusa megabayit 900 ke nan, ya fi ƙarfin faifai ɗaya, balle katin memori mai megabayit 256 ko 512. Ko da ya shiga ma, wayar ba ta san yarensa ba. Yaren da ta sani shi ne 3GP, wani tsari da aka yi domin 'yan gajerun bidiyo na saƙon waya, wanda babu wanda ya yi zaton za a ɗora masa cikakken fim.

Nan mai kwamfuta ya shigo. Da tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo da manhaja irin Format Factory ko Total Video Converter, sai ya kwafo fim daga faifai ya juya shi. Juyawar nan a haƙiƙa zubarwa ce. Hoton VCD yana da ɗigo 352 a kwance, 288 a tsaye, jimla 101,376. Hoton 3GP da ƙananan wayoyi ke karɓa yana da 176 a kwance, 144 a tsaye, jimla 25,344. Cikin kowane ɗigo huɗu an watsar da uku. Idan daga DVD aka ɗauko, cikin goma sha shida kusan ɗaya ne ke tsira. Hotuna 25 da ke wucewa a kowace daƙiƙa sai a mayar da su 15 ko 12. Da an gama, fim ɗin da ya cika faifai biyu ya koma megabayit 60 zuwa 70, katin gigabayit 2 ya ɗauki kusan talatin. Idan aka kwatanta, fuskar PSP tana da ɗigo 130,560, ninki biyar na abin da mai kallo a Gummi ke riƙe da shi.

Ba kowane fim ne ke jure wannan aski daidai da ɗan'uwansa ba, kuma nan ne abin ya fi ban sha'awa. Manhajar matsewa ba ta adana kowane hoto ɗungurungum; tana adana ɗaya, sannan ta riƙa rubuta abin da ya canza kawai a waɗanda ke biye. Idan mutum biyu na zaune a falo suna gardama kan aure, bango bai motsa ba, kujera ba ta motsa ba, baki da hannu kawai ke aiki, sai hoton ya fito sarai. Amma da an shiga waƙa, jarumi da jaruma suna juyi a lambu, kyamara na shawagi, kaya na sauyawa kowace daƙiƙa, sai komai ya farfashe ya zama murabba'ai kamar tabarmar kaba. Sauti ma haka. Tsarin AMR da ke tafiya da 3GP an yi shi ne domin muryar mutum a waya, yana yanke duk abin da ya haura kusan amo 3,400 a daƙiƙa. Magana tana fita tangaram. Fiyano da kalangu kuwa sai su koma kamar ana kaɗa gwangwani a cikin rijiya.

Ma'ana, na'urar tana da zaɓi, ko da ba ta sani ba. Tana son magana, ba ta son rawa. Barkwancin marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ƙarfinsa ke cikin murya da karin harshe da ƙwalla ido, ba ya asarar komai a fuska mai inci biyu. Wa'azi ba ya asarar komai. Abin da ya mutu murus shi ne rubutun fassara da ke ƙasan hoto: a ɗigo 144 haruffa ba sa karantuwa ko ga wanda ya iya Turanci. Ba abin mamaki ba ne da fina-finan Indiya masu fassarar murya da Hausa, waɗanda ɗakunan aiki irin Algaita a Kano suka shahara da su a shekarun 2010, suka sami gurbi nan take. Akwai dalilai da yawa na karɓuwarsu, amma ɗaya daga ciki shi ne sun dace da waya kamar an auna. Mai fassara yana faɗa wa kunne abin da ido ba ya iya tantancewa.

Teburin mai tura fim

Sana'ar ta tsiro ne a jikin wata. Inda babu wuta, akwai mai cajin waya: janareta ƙarami, allon katako cike da soket, lamba a jikin kowane batir. Duk wayar unguwa tana kwana a wurinsa. Ƙara kwamfuta a kan teburin bai buƙaci wani dogon tunani ba. Sai mutum ya kawo waya caji, ya ce a zuba masa sababbi, ya biya kuɗin da bai kai rabin na faifai ɗaya ba, ya tafi da fina-finai da waƙoƙi da karatun Alƙur'ani a kati guda. A Kano aka riƙa kiransu 'yan dawunlodin, ko da yake akasarinsu a farko ba daga intanet suke saukowa ba; daga faifai suke juyawa, ko su kwafo daga rumbun wani da ya je birni. Mace da ke cikin kulle ba ta buƙatar fita: ta ba yaro kati da canji. Daga nan kuma Bluetooth ya karɓa, waya kusa da waya, ana hira ana jiran fim ya gama wucewa.

Hukumomi sun ga ƙarfin wannan hanya tun da wuri. A watan Agusta 2007 wani ɗan gajeren bidiyo na sirri da aka ɗauka da waya, wanda ya shafi wata 'yar fim, ya bazu a Kano ta Bluetooth cikin kwanaki. Abin ya jawo dakatar da ɗaukar fim na watanni, aka kuma naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabanci Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, wadda aka kafa a 2001. Sai dai duk ƙarfin hukumar an gina shi ne a kan abin da ke da jiki: kaset da faifai da shago, abin da za a iya kamawa a loda a mota a ƙona. Abin da ya tayar da ƙurar ba shi da jiki.

A Anka da Bukkuyum akwai wani abu da ya ƙara wa kasuwar wuta. Farashin zinari a duniya ya haura dala 1,000 kan kowane oza a karon farko a 2008, ya doshi 1,900 a 2011. Samari suka kwarara zuwa ramukan haƙa a Bagega da Dareta da Sunke da Abare da 'Yargalma. Duniya ta san waɗannan sunaye ne ta hanyar masifa: a 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje yana ɗauke da gubar dalma, wadda ta kashe yara aƙalla 400. Amma sansanin haƙa, ta fuskar ciniki, taro ne na matasa masu kuɗi a hannu, nesa da gida, ba wuta, ba abin yi bayan magariba. Mai shayi yana bin irin wannan taro, mai caji yana bin mai shayi, mai tura fim yana zaune a gefen mai caji.

Su kuwa masu shirya fim a Kano, abin da suka gani shi ne kasuwa tana zubewa ta ƙasa. Tsarin da aka saba shi ne furodusa ya kai fim ga 'yan kasuwa, a buga dubban faifai, riba ta fito daga yawan abin da aka sayar a makonnin farko. Yanzu faifai ɗaya tak ya isa gari guda. Da wayoyin Android masu araha irin Tecno da itel suka yawaita, aka koma MP4 mai hoto mai kyau, manhajar Xender ta mayar da turawar da ke cin rabin sa'a zuwa 'yan daƙiƙoƙi, sai ɗan fifikon da faifai ke da shi na tsabtar hoto ma ya tafi. Zuwa tsakiyar shekarun 2010 kasuwar faifai ta durƙushe, shaguna suka koma sayar da wasu kaya, ma'aikata da dama suka bar sana'ar.

Kiran 'yan dawunlodin ɓarayin fasaha gaskiya ne, domin guminsu bai shiga fim ɗin da suke sayarwa ba, kuma mutane na gaske sun yi asarar jari. Amma gaskiyar ba ta cika ba idan aka tsaya nan. Masana'antar ba ta taɓa gina hanyar da za ta kai fim ga matar da ke Nasarawar Burkullu, wadda ba ta da talabijin ba ta da wuta, a farashin da za ta iya biya ba. Kuskuren Sony ne aka maimaita a wani salo: an nace sai mai kallo ya sayi mazubin da kamfani ke so, alhali shi abin da ke cikin mazubin yake nema. Mafitar da aka samu daga baya ta bi ta inda waya ta riga ta share: tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014, da fina-finai masu dogon zango a YouTube irin Izzar So da ya fara a 2020, waɗanda aka yanka su kashi-kashi daidai kallon hannu.

Da aka kashe sabis

Ana iya zaton YouTube da data sun kawo ƙarshen teburin. Abin da ya faru a 2021 ya nuna akasin haka. A farkon watan Satumba na shekarar, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanoni su rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara, domin katse hulɗar 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. An ce mako biyu ne. Gusau ta sami sabis a farkon Oktoba. Sauran yankuna ba a sanar da sake musu ba sai ƙarshen Nuwamba. A lokaci guda an rufe kasuwannin mako, an taƙaita sayar da fetur, wanda shi janaretan mai caji ke sha.

A waɗannan watanni wayar da ke hannun mutumin Anka ta koma abin da PSP take tun asali: na'urar da ba ta kira, sai dai ta nuna abin da aka riga aka zuba mata. Wanda ya dogara da intanet ya wayi gari da fanko. Wanda ke da kati cike yana da abin kallo, yana kuma da abin ba maƙwabci, domin Bluetooth da Xender ba sa neman izinin turken kamfani. Duk wanda ya fita zuwa wata jiha ya dawo, ana tambayarsa labarin 'yan'uwa, ana kuma tambayarsa abin da ya sauko da shi.

Akwai sauran wani lissafi da ba a gama ba. Yawancin fina-finan Hausa na shekarun 1990 da farkon 2000 an ɗauke su ne a kaset, kuma kaset ba ya shiri da zafi da ƙura da damina. Kamfanoni da yawa da suka yi su sun watse, babu kuma wata taska ɗaya da ta tattara asalinsu. Mai neman tsohon fim a YouTube yau yakan tarar da hoto mai murabba'ai, fuskokin da ba a rarrabewa, waƙar da ke fita ta hanci, wani lokaci har da lambar shagon da ya juya shi tana yawo a gefen hoto. Wannan kwafin ya bi ta kaset, ya bi ta faifai, ya bi ta kwamfutar wani yaron shago da ya zubar da uku cikin huɗu na ɗigonsa domin ya shiga kati. Ɗigon da aka zubar ba ya dawowa. Manhajojin zamani masu gyara hoto ba mayar da shi suke yi ba, ƙirƙirar wani suke yi a gurbinsa. Ga fina-finai da dama na wancan zamani, kwafin da mai nema zai iya sa hannu a kai shi ne wannan mai ɗigo 176 da 144.